Koren Ruwa a Garkar Baba

Wannan babi na shekarar da aka gina basan ne, kwaman ruwan nan na siminti, a garkar Baba, kakanku. Kun taso kun tarar da su, kuna ganin kamar tare da rijiya aka yi su, kuma kowa a garin nan yana da nasa labarin abin da ya shiga tsakanina da kakarku a kansu, har waɗanda a lokacin suna can Legas wajen cin rani. Ni da abin ya faru a kaina ne kaɗai ba a taɓa tambaya ba. Yanzu da hannuna ya saba da alƙalami zan rubuta shi yadda ya faru, ku karanta da kanku.

A lokacin Baba ya daɗe da rasuwa, amma ba mu raba garkar ba. Yaya Haruna ne ke riƙe da ita tunda shi ne babba, ni ina aiki ƙarƙashinsa, albasa muke yi kamar kowa a kwarin Badagishiri. Na haura shekara arba'in, ina da mata da ƴaƴa, amma a garkar nan babu fangali ɗaya da zan nuna in ce ni na yanke shawarar abin da za a shuka a cikinsa. Yaya ne ke cewa a yi, Inna mahaifiyarmu kuma ke cewa ba haka ake yi ba. Inna ta fi mu duka daɗewa a wurin. Tun tana amarya take zuwa kowace safiya, tana da zogalenta da yakuwarta a gefe, tana da wani tsohon turmi da aka kife kusa da rijiya, a kansa take zama tana koya wa kowa aikin da ya riga ya iya. Ni Auta take ce mani, har gaban baƙi, da furfurata.

A wannan rani ne na shiga karatun manya, bayan la'asar muke yi a ajin lakwal, wato makarantar boko, in yara sun tashi. Wata rana malamar gona daga Ilela, Madam Halima, ta zo ajin riƙe da kwalba cike da ruwa kore shar. Ta ce abin da ya sa ruwan ya yi kore wasu tsirrai ne ƙanana, dangin gansakuka, ido ba ya ganin guda ɗaya sai sun taru. In aka rene su a ruwa mai tsabta, aka tattara, aka shanya, aka gauraya da dussa, kaji suna ci su yi ƙarfi, su ci gaba da ƙwai ko a bazara. Ta ce poroje, wato shirin taimakon manoma, zai ba da siminti da iri, amma mutum zai ba da wuri da ƙarfinsa. Ina da kaji a gida, kuma kowace bazara ina kallon su suna ramewa, ƙwai ya ɗauke, wasu su mutu. Na ɗaga hannu. Da na waiga, sauran ƴan ajin duk kwanon rufi suke kallo.

Na sami Yaya yana ban ruwa, na gaya masa. Bai daina jan guga ba.

"Fangali nawa za ka ci mani?"

"Kaɗan ne, Yaya. Na bakin rijiya."

"Na bakin rijiya su ne kaɗan? Su ne albasa ta fi girma." Ya juye gugan, ya dube ni. "Idi, na ba ka rani guda. In ruwan fari ya sauka ban ga abin da kaji za su ci ba, da kaina zan sa diga in fasa su, mu koma ga albasarmu. Kuma kada ka sake zo mani da wata kwalba."

Na ce na yarda. Na san Yaya, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Muka gina basan biyu, wato kwami na siminti masu faɗi, zurfinsu bai kai gwiwa ba. Muka cika su da ruwan rijiya, Madam ta zuba irin, ta nuna mani ɗan takin da zan riƙa sawa, da wani katako mai kama da matuƙi da zan riƙa motsa ruwan safe da rana don kowane ɓangare ya sha hasken rana. Gari kuwa ya sami abin hira. Ina wucewa ta majalisa wani maƙwabcinmu zai ɗaga murya.

"Malam Idi, an ce kana noman gansakuka. Mi ya kai ka wahala? Kududdufin bayan gidana ya cika, taho ka kwashe, sai dai ka bar ma agwagina na wanka."

Ina yin dariya tare da su in wuce. Wannan bai dame ni ba. Ruwan ya fara kamar an wanke ganye a ciki, ya zo ya yi kauri har ya koma kamar miyar kuka, in na tsoma hannu zuwa wuyan hannu ba na ganin yatsuna. Kowace safiya Inna tana kan turminta tana kallon ina tuƙa ruwa, ba ta cewa komai. Shirun nan ya kamata ya tsorata ni, domin Inna ba ta taɓa kallon mutum yana aiki ta yi shiru ba.

Reno ba shi ne wahalar ba, tattarawa ce. Abin ya yi ƙanƙanta har babu abin da ke tare shi. Na gwada rariyar mahaifiyarku Rabi, ya wuce. Na gwada tsohon mayafinta, na ninka, ya wuce kamar ba a sa komai ba. Da Madam ta dawo ta ce ai da ma ba a tace shi haka, sai an sa shi ya dunƙule tukuna. Ta fito da alif, wannan dai farin dutsen da mata ke sawa a ruwan tabki ya kwanta. Ta sa na ɗebi koren ruwan na cika tano, wato gangar ƙarfe, ta daka alif ɗin, ta auna da murfin kwalba, ta narkar a kofi ta zuba. Ta ce in motsa da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan in rage hannu in yi a hankali, sannan in cire sandar in bar shi. Muna tsaye muka ga ruwan ya fara tsinkewa, koren yana haɗuwa ƙulli-ƙulli, ƙullin suna kama juna suna nutsewa, har sama ta yi garau, ƙasa ta yi laka kore mai kauri. Rabi da ta kawo mani fura ta leƙa, ta ce,

"Ashe awara ce kuke yi. Haka waken suya ke yi in na zuba ruwan tsami."

Madam ta ce ta fi ni ganewa. Sannan ta ja mani kunne a kan abu biyu. Ruwan da ya tsaya a sama ba shi ake so ba, a zuƙe shi da tiyo a zubar, lakar ƙasa ita ce amfanin gona, a juye ta kan ƙyalle, a ɗauraye ta sosai don alif ɗin ya fita kafin kaji su ci, a matse, a shanya a inuwa. Na biyu kuma, ko da wasa kada alif ya taɓa basan, domin abin da ya rage a ciki shi ne iri, in ya kwanta ya mutu.

Ranar girbina na farko ni kaɗai, na aro tanoni a maƙwabta, na cika su duka, na auna alif kamar yadda aka nuna mani, na motsa har kafaɗata ta yi tsami. Na ga sun fara tsinkewa, sai na ce bari in je aji kafin su gama kwanciya. A ajin ranar ban ji komai ba, hankalina yana garka. Da aka tashi na taho da sauri. Tun daga nesa na hango tanonin a jere, a kife, suna ƙyalli. Inna tana kan turmi, zanenta jiƙe har gwiwa, gabanta tuluna da bokitai cike da ruwa garau, fuskarta da wani annuri da na daɗe ban gani ba.

"Auta, Allah shi yi maka albarka. Na san za ka dawo hanya."

"Inna, ina abin da ke cikin tanon?"

"Ga shi nan na kwashe maka, ko ɗigo bai ɓaci ba. Dibi yadda ya yi kyau. Hannunka ya iya alif, ban sani ba."

"Na ƙasan nika tambaya."

"Dattin? Na zubar bayan shinge. Har na cuɗe maka tanonin da yashi, sai da na sa ƙarfi, ya kama su ƙwarai."

Na zagaya bayan shingen. Ƙasa ta riga ta shanye, sai wani koren tabo, da awakin Fulani biyu suna lasarsa. Na daɗe a tsaye. Ba zan iya yi mata faɗa ba, tsohuwa ta yini tana aiki domina, bayanta yana ciwo. Kuma duk macen da ke kwarin nan, in ta ga alif a ruwa, abin da Inna ta yi shi za ta yi, haka uwayensu suka koya masu. Na dawo na durƙusa gabanta na yi mata bayani tiryan-tiryan, cewa a wannan aikin na ƙasa ake so, na sama ake zubarwa. Ta saurare ni har ƙarshe.

"To, dattin kaka so."

"Ba datti ba ne, Inna, abincin kaji ne."

"Na ji. So kake shi kwanta ka kwashe."

Na ce haka ne. Na koma gida ina ganin an gama.

Sai da na jira ruwan basan ya sake yin kauri, zafi kuma yana ƙaruwa, Yaya ya fara cire albasa yana kallon gabas. Ranar kasuwar Badagishiri na tafi sayen dussa, ban dawo ba sai bayan azahar. Na shiga garka, na nufi basan da matuƙina, sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun ranar da aka zuba iri: ina ganin simintin gefe har ƙasa. Duka biyun. Ruwa garau kamar na famfo, a ƙasa wata laka mai launin toka ta shimfiɗu, a tsakiyar kowanne kuma ga ragowar dunƙulen alif, wanda kafin ya narke ya kai dunƙulen hannu. Inna tana tsinkar zogale.

"Na ga kana wahalar jido cikin tano," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Ga shi duk ya kwanta wuri guda. Kwashe abinka."

Ku da kuka san ni kun san ba ni da saurin fushi. Ranar sai da na fita daga garkar na yi tafiya har bakin hanyar mota na dawo, don kada bakina ya faɗi abin da zan yi nadama. Lakar ba ta da amfani, alif ya yi mata yawa, ko an ɗauraye ba za a ba kaza ba. Na haƙa rami na binne ta. Na kwashe ruwan da bokiti, na wanke basan na sake wankewa, na ɗaura bido, wato jarka, bayan babur ɗin kabu-kabu na tafi Ilela neman wani irin. Na sami Madam a buro, wato ofishinta, na gaya mata. Ta aje biro.

"Malam Idi, ban ce maka kada alif ya taɓa basan ba?"

"Kin ce."

"To wa ya sa?"

"Wata ce mai son taimako."

"Ka zaunar da ita ka yi mata bayani mana."

"Madam, kina da uwa?"

Ta dube ni, ta yi dariya har ta kama ciki, sannan ta tashi ta cika mani bidon. Amma ta ce wannan shi ne na ƙarshe da take da shi a bana.

Na zuba sabon irin, na ce a raina wannan karon zan koyar da Inna yadda ake koyar da mu a aji, da abin nuni. Da safe na zo da kwalabe biyu, na zauna a ƙasa gaban turminta. Na nuna mata wannan iri ne, kamar irin gero da ake ajewa a rumbu ba a daka shi. Na nuna mata wannan kuma na girbi ne. Na maimaita, na kawo misalin awara, na kawo misalin nono da ake rage wa ƙwarya don na gobe ya yi tsami. Ta bar ni na gama duka, tana ɓare gyaɗa. Sannan ta ce,

"Auta, ka gama karatun?"

"Na gama."

"Na farko ban sani ba, Allah ya gani. Na biyu na sani."

Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

"Kana ganin tsufa ya cinye mani hankali. Tun ranar da ka durƙusa nan na gane abin da kaka yi. Ka san kuna da ya, Mariyama, da ta rasu ba a haife ka ba. Ba ka san mi ya kashe ta ba, don ba ka taɓa tambaya ba. Shekarar da rijiyoyi sunka ƙafe, tabki muke sha, ya yi kore kamar wanga naka. Kullum sai na sa alif kafin kowa shi sha. Ran nan alif ya ƙare, na tahi nema gidan maƙwabta, kafin in dawo ta sa kai cikin tulu. Tana tahiya da ƙafarta, tana kiran sunan awaki. Ba ta ga wata juma'ar ba."

"Allah ya jiƙanta, Inna. Amma wannan ba wancan ruwan ba ne. Na rijiya ne, ba dabbar da ke shiga, ba..."

"Kore dai kore ne. Kwanan baya ina nan zaune na ga Nana ta tsoma hannu ta kai baki. Kai kana can wajen tano ba ka gani ba." Ta kakkaɓe zanenta. "In ya sake yin kore zan sake sa mashi. Na faɗa maka don kada ka ce ban faɗa ba."

Ke ce, Nana, a lokacin kina koyon tafiya. Ba laifinki ba ne, kuma ba abin da ya same ki.

Na tausaya mata har cikin raina, kuma ina nan ina tausaya mata. Amma ku duba inda aka aje ni. Irin da ke basan shi ne na ƙarshe. Hadari ya fara leƙowa da yamma. Yaya ya riga ya kawo diga ya jingine a bukkar garka, wai gyaran ƙota zai yi mata. Na ce wa Inna zan rufe basan da raga, ta ce ragar tana ɗaguwa. Na ce ba za a sake kawo yara garka ba, ta ce garkar kakansu ce. Na je wurin Yaya, ko zai yi mata magana tunda shi take jin nauyi.

"Ni ba ni shiga tsakanin uwa da autanta," ya ce. "Kai dai ka dibi sama."

Na tambayi Rabi. Tana tace awara, ta ce,

"Baban Nana, in ni ce, sai in bar mata. Kaji ne fa."

"Ba kaji ba ne kawai."

"Na sani. Shi ya sa ban so ka tambaye ni ba."

Gaskiyarta, ba kaji ba ne kawai. In aka fasa basan nan, zan koma jan guga bayan Yaya har ranar da ɗayanmu zai mutu, kuma ba zan sake buɗe baki in ce ga abin da nake so a gwada ba. Na yi tunani iya tunanina, na ga hanya ɗaya ce take tare yara ta kuma tare alif. Na sari kara na yi darni mai tsawo na kewaye basan biyun, su kaɗai. Rijiya tana waje, zogale yana waje, yakuwa tana waje, babbar ƙofar garka tana nan yadda take, reshen ƙaya ne ake ja a shiga. Na fasa wani ruɓaɓɓen tano na yi ƴar ƙofa, wadda sai mutum ya sunkuya zai shige, na sayo kwaɗo a kasuwa na sa mata. Abu ɗaya ne darnin ya ci: turmin Inna yana kan layin, tsakanin rijiya da basan. Na ciccibe shi na kai ƙarƙashin mangwaro, inda inuwa ta fi, ko nisan jifa bai kai ba. Har na share mata wurin.

Washegari ta zo kamar kullum, buta a hannu, kwando a ka. Ina ciki ina tuƙa ruwa, ina hangen ta ta tsakanin kara. Ta tsaya gaban ƴar ƙofar. Na fito na ja ta na datse, na gaishe ta. Ta amsa. Ta sa yatsa ta taɓa kwaɗon, ta juya shi ta ga bayansa, ta sake shi. Sannan ta dubi inda turmin yake a da, inda ya bar zagayen ƙasa mai danshi da ƙwari suna gudu.

"Wa ya ɗaga shi?"

"Ni ne, Inna. Ga shi can, inuwa ta fi. Yanzu kuma yara ba za su kai ga ruwan ba, hankalinki zai kwanta."

"Ubanka ya aje shi nan."

Ta sauke kwandon a ƙasa, ta juya da butarta ta fita. Na ce a raina fushin kwana biyu ne.

Kafin azahar gari ya ɗauka cewa Idi ya sa wa uwarsa kwaɗo ya hana ta shiga garkar mijinta saboda gansakuka. Wanda ya faɗi haka a majalisa na ce ya taso mu je ya ga ƙofar garka a buɗe, ya ga ƴar ƙofar da aka kulle, wadda ko jaki ba zai shige ba. Ya ce ba sai ya je ba, ya riga ya ji. Mata suka daina sayen awarar Rabi na wani lokaci. A ajin karatu wanda muke zama benci ɗaya da shi ya koma baya. Na yi bayani har na gaji da jin muryata, kowa ya gyaɗa kai ya tafi ya faɗi na farkon.

Ruwan kuwa ya yi kauri yadda bai taɓa yi ba, zafin bazara ya karɓe shi. Na cika tanoni, na auna alif da murfin kwalba, na motsa da ƙarfi, na rage hannu, na cire sanda, kuma ban je ko'ina ba, nan na zauna ina gadi har ya gama kwanciya. Na zuƙe na sama da tiyo. Na juye lakar kan ƙyalle, Rabi ta taya ni ɗaurayewa da matsewa, ita ta san yadda ake murɗa bakin ƙyalle ba ya ɓarkewa. Muka baza ta a inuwar bukka, ta bushe ta zama ɓawo-ɓawo mai duhun kore, mai ɗan ƙarnin kifi. Na murje na gauraya da dussa. Da farko kajin suka tsaya suna kallon sa da ido ɗaya, daga baya suka far masa. Na yi girbi na biyu, na yi na uku, basan ba su mutu ba.

Ranar da hadari ya haɗu sosai a gabas, iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro, Yaya ya zo bakin darni ya ce in buɗe. Ya sunkuya ya shiga, ya dubi ruwan, ya fito ya sa hannu cikin buhun ya murza, ya sansana, ya yamutsa fuska. Na kai shi gida ya ga kajin, ba wadda ta mutu, jikinsu a cike, ga ƙwai a akurki a lokacin da ƙwai ya yi wuya a gari. Rabi ta fasa masa ɗaya a kwano, gwaiduwar ta yi ja kamar manja.

"Bar su," ya ce. "Amma kada ka ƙara ko taƙi guda." Ya kai bakin zaure ya tsaya. "Tsohuwa fa har yanzu ba ta koma ba."

"Na sani, Yaya."

"To."

Da ruwan farin ya sauka ya ɗauke na shiga ɗakin Inna. Tana zaune kan tabarma tana gyaran kaɗa. Duk wannan lokacin ba ta daina amsa gaisuwata ba, ba ta daina cin tuwon Rabi ba, garkar ce kawai ba ta zuwa. Na gaya mata Yaya ya ce a bar basan. Ta ce madalla. Na ciro mabuɗi ɗaya daga cikin biyun da kwaɗon ya zo da su, na aje gabanta.

"Inna, ga naki. Ki shiga duk lokacin da kike so. In kin ga dama ki sa alif ɗin, na haƙura, Madam za ta sami wani iri baɗi. Zan mayar da turmin inda yake, in matsar da darnin."

Ta dubi mabuɗin, ba ta taɓa shi ba.

"Auta, ni ban iya shiga garkar mijina da mabuɗi ba. Ɗauki abinka."

Na ce to zan cire kwaɗon gaba ɗaya. Ta ce in na cire, yara za su shiga, in bar shi. Na ce to me take so in yi. Ta ce ba ta son komai, in je in ci abinci. Na matsar da darnin duk da haka, na mayar da turmin kan zagayensa, na aika aka gaya mata. Ta ce an gode.

Ta rayu shekaru bayan haka da ƙafafunta lafiya, tana zuwa kasuwa, tana zuwa suna da ta'aziyya har ƙauyukan nesa, amma ba ta sake taka garkar ba. Ku kuka riƙa tsinko mata zogale, kuma kun tuna kowace yamma sai ta tsare ku da tambaya, ko an yi wa yakuwa ban ruwa, ko Haruna ya sake cika wa albasa taki, ko guga ya fara yoyo. Daga kan tabarmarta take aiko mana da gyara, mu kuma mu ce an ji. Ranar da ciwon ajali ya kwantar da ita ina zaune kusa da kanta, ta buɗe ido ta tambaye ni ko na rufe ƙofar ruwan nan kafin in taho. Na ce na rufe. Ta ce in tashi in koma in duba.